Daga Hatimi Zuwa Kalmar Sirri: Tarihin Tsaron Takarda a Jikwoyi

Wanda duk ya bi hanyar da ta tashi daga Nyanya, ta ratsa Karu, ta nufi Kurudu da Orozo har ta dire a Karshi, lalle ne ya wuce ta tsakiyar Jikwoyi, kuma in ya kasance mai lura ne zai ga cewa a tsakanin shagunan masu siminti da na masu magani da rumfunan masu cire kuɗi, akwai wasu ƙananan shaguna waɗanda ba su da wata haja sai kwamfuta biyu ko uku, da injin fotokwafi, da janareta a bakin ƙofa. A cikin waɗannan shaguna ake rubuta yarjejeniyar hayar gida da ta cinikin fili, a nan ake buga takardar neman kwangila da bayanin asusun banki, a nan ake yi wa kamfani rajista, a cike wa ɗalibi fam ɗin jarrabawa. Masu shagunan galibinsu matasa ne, kuma ba su ɗauki kansu magadan kowa ba. Alhali kuwa aikin da ke hannunsu, wato rubuta wa mutane abin da ya shafi dukiyarsu da kuma riƙe sirrin abin da aka rubuta, aiki ne da ya daɗe ƙwarai a ƙasar nan, wanda a dā sai malamin da aka jarraba amanarsa ake danƙa wa.

Ita Jikwoyi asalinta ƙauyen Gbagyi ce, manoman doya da dawa, kuma har zuwa ranar 3 ga Fabrairu 1976, lokacin da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta zartar da dokar kafa sabon babban birnin tarayya bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, mutanen wannan yanki ba su da wata babbar bukata ga takarda a sha'anin gona ko na gida. Iyakar gona sananniya ce ga dattawa, bashi kuma shaidu ke riƙe da shi a ka. Da aka fara ginin birni aka kafa sansani a Nyanya domin ma'aikatan gini. Da gwamnati ta ƙaura daga Legas ranar 12 ga Disamba 1991, sai ma'aikata da 'yan kasuwa suka yi ta kwararowa, waɗanda kuɗin haya a Garki da Wuse ya fi ƙarfinsu suka fantsamo zuwa gefe. Sa'an nan rushe-rushen da aka yi a zamanin ministancin Malam Nasiru El-Rufa'i, daga 2003 zuwa 2007, ya ƙara turo dubban iyalai zuwa irin waɗannan unguwanni. Ta haka ƙauye ya zama gari mai cike da baƙin juna, Bahaushe da Ibo da Bayarabe da Tibi da Idoma, kowa da harshensa da addininsa, babu wani dattijo guda da dukkansu za su yarda da shaidarsa. Inda kuwa sanayya ta yi ƙaranci, takarda ce ke zama alƙali, kuma daga ranar da ta zama haka sai tsaronta ya zama wajibi.

Musulmi ba baƙon wannan al'amari ba ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, wato aya ta 282 a Suratul Baƙara, magana take yi a kan rubuta bashi, da adalcin marubuci, da kafa shaidu. Ya kuma tabbata a cikin ingantattun hadisai cewa yayin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi nufin aika wasiƙu ga sarakunan Rum da Farisa, aka sanar da shi cewa waɗannan sarakuna ba su karanta wasiƙar da ba ta da hatimi, sai ya sa aka ƙera masa zobe na azurfa aka zana sunansa a kai. Zoben ya kasance a hannun Sayyidina Abubakar, sa'an nan Sayyidina Umar, sa'an nan Sayyidina Usman, har ya faɗa rijiyar Aris a Madina, aka yi kwana uku ana nema ba a same shi ba. Malaman tarihi kuma sun ruwaito dalilin da ya sa Mu'awiya ɗan Abu Sufyan ya kafa ofishi na musamman domin hatimi, wanda ake kira diwanul khatam: ya rubuta wa gwamnansa na Iraƙi cewa a ba Amru ɗan Zubairu dirhami dubu ɗari, sai Amru ya buɗe wasiƙar a hanya ya mayar da ita dubu ɗari biyu, ba a gane ba sai da aka zo lissafi. Daga nan aka soma naɗe wasiƙun hukuma, a ɗaure su, a buga hatimi a kan ɗaurin, a kuma ajiye kwafi a diwani. Duk ɗan kasuwar da aka taɓa sauya masa adadi a kan takardar biyan kuɗi zai gane wannan labari ba tare da an yi masa sharhi ba.

A ƙasar Hausa da maƙwabtanta an bi wannan tafarki tun da wuri. Shaihu Muhammadu al-Maghili, a cikin nasihar da ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, ya lissafa marubuta da masu lissafi cikin ma'aikatan da mulki ba ya tsayuwa sai da su. A Barno sarakuna suna ba gidajen malamai wata takarda da ake kira mahram, wadda ke keɓe su daga haraji da aikin yaƙi, kuma zuriya bayan zuriya suna ɓoye ta suna sake kwafe ta in ta tsufa, domin ita ce hujjarsu a gaban kowane sabon sarki. Da aka kafa Daular Usmaniyya sai sha'anin wasiƙa ya ƙara tsari: Wazirin Sakkwato, tun daga Giɗaɗo ɗan Laima, shi ke kula da mu'amalar da ke tsakanin Sarkin Musulmi da sarakunan gabas, Kano da Zazzau da Bauchi da Adamawa da sauransu, kuma wasiƙun naɗi da na tuɓewa da na sasanta rigimar iyaka ta hannunsa suke bi. Ana rubuta su da Larabci, da alƙalamin kara da tawada, a buga hatimin mai aikowa a saman takarda, a naɗe, a ba manzo sananne wanda fadar da za shi ta san fuskarsa.

To, a nan akwai wani abu da ya kamata a tsaya a kansa, domin shi ne mabuɗin fahimtar abin da ya biyo baya. Hatimi ba ya ɓoye abin da ke cikin wasiƙa. Aikinsa shi ne ya shaida cewa wannan magana daga wane ta fito, kuma in an buga shi a kan ɗauri, ya nuna ko an buɗe ta a hanya. Sirrin wasiƙa kuwa abubuwa uku ke tsare da shi: ƙarancin masu iya karanta Larabci, da amanar manzo, da kuma dabarar da sarakuna da fatake suka saba da ita ta barin magana mafi nauyi a bakin manzo, ba a kan takarda ba. Ba wai ilmin ɓoye rubutu ba ya cikin littattafan Musulmi ba ne. Hasali ma a Bagadaza, a ƙarni na 9, Ya'aƙubu al-Kindi ya wallafa risala a kan warware rubutun da aka ɓadda, inda ya nuna cewa in aka ƙidaya haruffan da suka fi yawan maimaituwa a harshe, za a iya gano wane harafi aka ɓoye a bayan wace alama, kuma masana wannan fanni a yau suna lissafa risalar tasa cikin tushen ilminsu. Amma wasiƙun daula da suka iso gare mu a sarari aka rubuta su, duk mai Larabci yana iya karantawa. Sakamakon haka ya bayyana ranar 15 ga Maris 1903, yayin da sojojin Ingila suka ci Sakkwato: an sami tarin wasiƙu a gidan Waziri Muhammadu Buhari, waɗanda sarakuna suka aiko suna ba da labarin matsowar Nasara da abin da suke shirin yi, kuma a 1927 wani jami'in mulkin mallaka, Backwell, ya buga fassararsu da Turanci a Legas. Hatiman suna nan a kan takardun, sun cika aikinsu na shaida sarai, har ma sun zama hujja ga baƙo a kan wanda ya rubuta me. Amma da gida ya faɗi, sirri ya faɗi tare da shi.

Su fatake, masu zuwa Gwanja sayo goro da masu hulɗa da Larabawan Gadamus a Kano, dogaronsu ya fi ƙarfi a kan madugu da maigidan da ke saukar da su a zango, wanda ke ajiye musu kaya, ya tsaya musu a ciniki, ya lamunce bashi. Wanda ya iya rubutu yakan riƙe lissafinsa da ajami, ya zuba a gafaka ko a adaka, ya sa kwaɗo, ya rataya mabuɗin a jikinsa. Zamanin Turawa ya kawo baitulmalin En'e da ma'aji da rasit, ya kawo akawu da tafireta da fayil mai tambarin sirri da kabad na ƙarfe, ya kuma kawo dangwala yatsa ga wanda bai iya sa hannu ba. Kayan aiki sun sauya, amma ƙa'idar ba ta sauya ba: takarda abu ce guda mai jiki, tana wuri guda, kuma wanda ke riƙe da mabuɗin wurin an san sunansa.

Abuja ce ta nuna iyakar wannan tsari. Bisa doka, dukkan filayen babban birnin tarayya a hannun gwamnatin tarayya suke, kuma minista ne ke da ikon rabawa. Amma mutanen da suka cika unguwannin gefe da yawansu a hannun 'yan asalin wuri da dillalai suka sayi filayensu, abin da ke hannunsu kuwa takardar yarjejeniya ce mai sa hannun shaidu, wani lokaci da tambarin mai unguwa, ko kuma takardar rabon fili daga ƙaramar hukuma. Da injin fotokwafi da kwamfuta suka yawaita, sai ƙera tambari da kwaikwayon sa hannu suka zama abu mai sauƙi, aka riƙa sayar da fili guda ga mutum biyu ko uku, fayil ya ɓace a ofis ya sake bayyana da wani suna. Wannan ne ya sa a zamanin El-Rufa'i aka kafa hukumar AGIS, aka mayar da rajistar filaye cikin kwamfuta, aka umarci masu takardun mallaka su kawo su a sake tantancewa. Daga wannan lokaci asalin hujja ya bar kabad ya koma cikin na'ura, takardar da ke hannun mutum ta zama inuwar abin da ke can, kuma mabuɗin wannan sabuwar taska kalma ce da ma'aikaci ke riƙe da ita a ka.

Ita wannan dabara ta kalmar sirri a kwamfuta ba ta kai shekara saba'in ba. A 1961, a jami'ar MIT ta Amurka, Fernando Corbató da abokan aikinsa suka ƙirƙiro tsarin da zai ba mutane da yawa damar amfani da babbar kwamfuta guda a lokaci guda, kuma domin kada wani ya shiga ajiyar wani, sai aka ba kowa kalmarsa. Ba a yi nisa ba, a 1962, wani ɗalibi mai suna Allan Scherr, wanda lokacin da aka ware masa bai ishe shi ba, ya nemi na'urar ta buga masa fayil ɗin da ke ɗauke da kalmomin kowa da kowa, ta kuwa buga masa. A 1993 kamfanin Adobe ya fito da tsarin PDF, wanda ke sa takarda ta bayyana da siffa ɗaya a kowace na'ura, kuma ba da jimawa ba aka sa masa hanyar kullewa. Kullen farko mai rauni ne, kwamfutar yau tana fasa shi ba da wahala ba. Amma bayan da hukumar ma'aunai ta Amurka ta amince da tsarin ɓoye rubutu na AES a 2001, wanda wasu masana biyu 'yan Beljiyam, Joan Daemen da Vincent Rijmen, suka tsara, aka kuma sa shi a PDF, sai kullen ya yi ƙarfin da in kalmar doguwa ce kuma ba mai sauƙin zato ba, babu wata hanya sananniya ta buɗe takardar sai da ita. Abin da Waziri Buhari bai samu ba, wato takardar da ko ta faɗa hannun abokin gaba ba za ta karantu ba, yau yana cikin wayar kowane mai sayar da tayil a Jikwoyi.

Sai dai ya kamata ɗan kasuwa ya san cewa kullen PDF iri biyu ne, kuma da yawa ba su rarrabe su. Akwai kalmar buɗewa, wadda in babu ita rubutun a hautsine yake, ba ya karantuwa sam. Akwai kuma kalmar izini, wadda ke barin kowa ya karanta amma ta hana gyara ko kwafa ko bugawa. Wannan ta biyu kamar asabarin ƙofar ɗaki take, mai kunya kaɗai take tsayarwa, domin manhajar da ake buɗe takardar da ita ce ke zaɓar ta mutunta hanin, kuma akwai manhajoji barjat da ba su mutunta shi. Wanda ya aika wa abokin ciniki takardar farashi da irin wannan kulle, yana zaton ba za a iya sauya adadin ba, yana nan inda Mu'awiya yake kafin ya kafa diwaninsa.

Babban abin da ke damuna kuwa ba raunin na'ura ba ne, yadda ake mu'amala da ita ne. Banki zai aiko wa mutum bayanin asusunsa a kulle, kalmar kuwa sau da yawa wani yanki ne na lambar asusun ko ranar haihuwarsa, abubuwan da duk wanda ya taɓa tura masa kuɗi ko ya ga katinsa zai iya sani. Shi kuma ba shi da firinta a gida, sai ya je shago, ya tura takardar ta WhatsApp zuwa wayar yaron shago, yaron ya ce, "Alhaji, a kulle take, karanto mini lambobin," Alhaji ya karanto da ƙarfi a gaban mutum biyar masu jiran layi. An buga, an biya, an tafi. Amma takardar tana nan a wayar yaron da cikin kwamfutar shago, tare da ɗaruruwan irinta, da hoton katin ɗan ƙasa na wannan, da lambar BVN ta wancan, da yarjejeniyar filin wata bazawara. Wani kuma yakan aika takarda a kulle ta imel, sa'an nan ya rubuta kalmar a cikin saƙon guda. Wani maigidan kalma ɗaya ce tasa tun da ya buɗe kamfani, akawunsa ya san ta, wanda ya bar aiki bara ma ya san ta. Ban faɗi wannan domin zargin yaran shago ba, mafi yawansu masu neman halali ne, kuma sau da yawa su ne ke ce wa abokin ciniki, "Oga, ka tsaya ka ga na goge." Abin da nake cewa shi ne an ɗora musu nauyin da a dā sai an yi shekaru ana gwada mutum kafin a ɗora masa, ba tare da an koya musu hukuncinsa ba, ba kuma tare da mai takardar ya san ya ɗora ba.

Doka ta biyo baya a hankali. Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 84, ta buɗe ƙofar karɓar takardun da kwamfuta ta fitar a gaban kotu, bisa sharaɗin a nuna na'urar tana aiki daidai. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta mayar da shiga kwamfutar wani ba da izini ba laifi. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ɗauke wa kamfani wajibcin mallakar hatimi, abin da ya kasance alamar kamfani tun zamanin Turawa, kuma hukumar rajistar kamfanoni ta koma ba da satifiket ta intanet, wanda mai shi ke saukewa daga shafinsa da kalmarsa. A watan Yuni 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ɗora wa duk mai tara bayanan mutane alhakin tsare su. Wannan alhaki bai tsaya ga bankuna da kamfanonin waya ba. Mai asibitin unguwa da mai makarantar kuɗi da dillalin gidaje duk masu tara bayanan mutane ne.

A ganina, kuskuren da ya fi yawa shi ne zaton cewa kalmar sirri ta gaji hatimi. Ba ta gaje shi ba. Ta zo da abin da hatimi bai taɓa yi ba, wato ɓoyewa, amma ba ta yin abin da ya yi, wato shaida, domin duk wanda ya san kalmar yana iya buɗe takarda, ya sauya ta, ya sake kulle ta da kalmar nan, babu alamar da za ta nuna. Magajin hatimi na haƙiƙa shi ne sa hannun lantarki irin wanda ake ɗaure shi da lissafi ga kowane harafi na takardar, ta yadda in an taɓa ko ɗigo ɗaya zai nuna ya ɓaci; hoton sa hannu da ake mannawa a ƙasan shafi ba shi ba ne, wannan yaro ma yana iya kwafe shi. Har yanzu wannan bai yaɗu tsakanin ƙananan 'yan kasuwa ba, shi ya sa mai hankali in ya karɓi takardar fili yakan je AGIS a bincika masa, in kuma shaidar biyan kuɗi aka turo masa ba ya sakin kaya sai ya ga kuɗin a asusunsa.

Akwai kuma mas'alar da magabata ba su fuskanta ba, wadda ta shafi gado. Adakar attajiri in ya rasu, ko mabuɗin ya ɓace, ana kiran maƙeri a gaban magada da wakilin alƙali a fasa kwaɗon, a karanta wanda yake bi da wanda ke bin sa, a biya bashi kafin a raba tarika kamar yadda shari'a ta tsara. Ɗan kasuwar yau kuwa lissafin bashinsa da yarjejeniyoyinsa da sunayen abokan tarayyarsa suna iya kasancewa duk a cikin waya ko fayil da aka kulle da kalmar da shi kaɗai ya sani, kuma gwargwadon kyawun kalmar, gwargwadon wuyar da magada za su sha. Alƙali yana iya umartar banki ya bayyana abin da ke asusun mamaci, amma fayil ɗin da aka kulle da AES ba ya jin umarnin kotu, marayu su rasa haƙƙinsu a hannun waɗanda ake bi bashi da suka yi shiru, mamacin kuma ya kwanta da nauyin bashin da ba a san da shi ba balle a biya. Malamai sun daɗe suna kwaɗaitar da Musulmi kada ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa a rubuce ba in yana da abin da zai yi wasiyya a kai, kuma ina ganin lokaci ya yi da limaman Jikwoyi da Karu da Nyanya za su shigar da wannan babi cikin wa'azinsu: mai dukiya ya rubuta kalmominsa da hannunsa a takarda, ya sa a ambulan ya liƙe, ya sa hannu a kan liƙin, ya ba amini guda ko lauyansa a gaban shaidu biyu, ya kuma sabunta ta duk lokacin da ya sauya kalma.